Gammon Inji: 'Yar Robar da ke Kare Jirgin Sama a Zariya, da Abin da ya Haɗa ta da Kyamarar Wayarka

Idan ka tsaya kusa da injin niƙa yana aiki, tafin ƙafarka zai riga kunnenka sanin ƙarfinsa, domin ƙasa ce ke ɗauko jijjigar ta kawo maka. Haka janareta yake, haka injin ban ruwa a fadamun Bakalori, haka babur ɗin ɗan kabu-kabu mai zirga-zirga tsakanin Jangebe da Talata Mafara. Duk inji mai fistin yana jijjiga, kuma babu makanikin da zai raba shi da wannan hali, saboda daga yadda yake aiki abin ya samo asali.

A ƙasa, jijjiga takan kwance noti, ta tsage walda, mai inji ya kashe shi ya kira makaniki. A sama kuwa babu gefen hanyar da matuƙi zai faka ya duba. Wannan ne ya sa masu ƙera ƙananan jiragen sama ba sa ɗaure inji a jikin jirgi ƙarfe da ƙarfe. Sukan sa wasu robobi a tsakani, kowace ba ta fi tafin hannu ba, irin abin da makanikan mota ke kira injin sit. A wannan rubutu za mu kira su gammon inji, tunda aikinsu ɗaya da gammon mai tallar ruwa: shiga tsakanin kaya da mai ɗauke da kayan.

Dalilin kawo wannan batu a shafin waya da kwamfuta shi ne, lissafin da ke kare ɗalibin tuƙin jirgi a Zariya shi ne dai ke yanke hukuncin ko kyamarar wayarka za ta tsira idan ka maƙala ta a hannun babur. Kuma wayar da kake karanta wannan rubutu a cikinta tana iya auna jijjigar da kanta.

Jiragen da muke magana a kansu

Ba sai an je Turai ba. Kwalejin koyon fasahar jiragen sama da ke Zariya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da matuƙa da injiniyoyi da ƙananan jirage masu farfela. Ta yi shekaru tana amfani da Tampico TB-9, ƙirar Faransa, mai injin Lycoming O-320 na silinda huɗu da ƙarfin doki 160. Daga baya ta shigo da Diamond DA40 NG da DA42 NG, ƙirar Ostiriya, waɗanda injinsu na dizal ne da aka samo daga injin motar Mercedes-Benz, yana kuma shan man manyan jirage maimakon fetur ɗin jirgi na musamman mai tsada da wuyar samu.

A Kaduna ma akwai tarihi. Daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanin AIEP ya harhaɗa wa rundunar sojin sama jiragen horo 60 da aka sa wa suna Air Beetle, bisa tsarin jirgin RV-6A na Amurka, da injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180. A 2016 kuma Najeriya ta ƙulla cinikin jiragen Super Mushshak 10 daga Pakistan don horar da matuƙan soja, su kuma injinsu mai silinda shida ne.

Duk waɗannan injinan 'yan gida ɗaya ne da injin babur da na janareta: fistin yana kai da komowa cikin silinda, mai yana ƙonewa, karanshaf yana juyawa. Bambancin shi ne girma, da kuma abin da za a yi asara idan aka samu matsala.

Daga ina jijjigar take fitowa?

Mu ɗauki injin silinda huɗu da ke juyawa sau 2,400 a minti ɗaya, wanda shi ne kusan gudun da irin waɗannan jirage ke tafiya da shi idan sun daidaita a sama. Raba 2,400 gida 60, ka samu juyi 40 a sakan ɗaya. Masana na rubuta wannan da 40 Hz, ma'ana abu ya maimaita kansa sau 40 a sakan.

Tushe na farko shi ne ƙonewar mai. Kowace silinda tana tashi sau ɗaya a juyi biyu, saboda haka silinda huɗu na ba da bugu biyu a kowane juyi, wato bugu 80 a sakan. Kowane bugu yana murɗa karanshaf gefe ɗaya, gangar injin kuma tana neman murɗawa ɗaya gefen. Tushe na biyu shi ne nauyin fistin da kansa, wanda ke tsayawa ya juya baya sau biyu a kowane juyi. Na uku shi ne farfela. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da 'yan giram ne, za ta riƙa fizgar injin sau ɗaya a kowane juyi, kamar yadda fankar sama ke rawa idan fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe.

Yanzu a ninka. Juyi 40 a sakan shi ne 144,000 a awa ɗaya. Kamfanin Lycoming ya tsara a kwance injin O-360 a sabunta shi bayan awa 2,000 na aiki, wato bayan juyi kusan miliyan 288. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa wayar ƙarfe gaba da baya har ta karye a hannunsa ya san abin da maimaici ke yi wa ƙarfe. Lanƙwasa ɗaya ba ta komai, ta ɗari ce ke karya shi. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma jikin ƙaramin jirgi galibi falange ne na alminiyam mara kauri da aka haɗe da ƙusoshi dubbai. Ban da jikin jirgin, akwai agogunan da matuƙi ke dubawa, da rediyo, da mahaɗan wayoyin lantarki, da bututun mai. Shi kansa matuƙin, awanni cikin jijjiga suna kashe masa hannu da ƙafa, su gajiyar da shi tun bai sauka ba.

Yadda gammon yake

A gaban ɗakin matuƙi akwai bangon ƙarfe da aka yi don tare wuta. A jikinsa ake ɗaure wani firam na bututun ƙarfe, injin kuma ya zauna a kan firam ɗin, galibi a wurare huɗu. A kowane wuri akwai robobi biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kowace an gasa ta ta manne da faifan ƙarfe tun daga masana'anta. Dogon noti yana ratsa su ta cikin wani ɗan bututu da ke hana a matse robar fiye da ƙima. An tsara abin ta yadda ko robar ta ruɓe gaba ɗaya, notin da faifan za su riƙe injin, ba zai rabu da jirgin ba.

Wannan dabara ta manna roba da ƙarfe tana da tarihi. Wani lauya mai rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a garin Erie na Amurka, Hugh C. Lord, shi ya duƙufa a kanta har ya kafa kamfani a 1924. A 1931 Chrysler ya fito da motar Plymouth da injinta ke zaune a kan roba, ya yi ta tallar abin da sunan Floating Power. Har yau makanikan jirage da yawa na kiran waɗannan robobi da sunan Lord ko da wani kamfanin ne ya yi su, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. A 2019 kamfanin Parker Hannifin ya sayi kamfanin Lord a kan kusan dala biliyan 3.7. Ka ga ashe 'yar robar nan ba abin rainawa ba ce.

Lissafin lilo

Nan ne mutane da yawa ke zaton abin mai sauƙi ne: a samu roba a cusa, shi ke nan. Gaskiyar ita ce robar da ba ta dace ba tana iya ƙara jijjigar ta fi yadda take idan babu roba sam.

Ka tuna lilon yara. Kowane lilo yana da saurin kai da komowarsa, gwargwadon tsawon igiyarsa. Idan kana tura yaro daidai da wannan saurin, da ɗan ƙaramin turi zai yi sama sosai. Idan kuwa ka kama igiyar kana karkaɗa ta da sauri-sauri, yaron da ƙyar zai motsa. Inji a kan roba shi ma lilo ne, yana da saurin rawarsa na kansa, wanda nauyin injin da laushin robar ke tantancewa. Mu kira shi bugun asali.

Ƙa'idar ita ce: gammo ba ya fara rage jijjiga sai saurin bugun inji ya wuce bugun asali da ninki 1.4. Ƙasa da haka ƙara ta yake yi, kuma inda abin ya fi muni shi ne idan biyun suka zo daidai da juna. Daga nan, duk yadda tazarar ta ƙaru, kariyar na ƙaruwa. Idan bugun inji ya ninka bugun asali sau 2, kusan kashi ɗaya cikin uku na jijjigar ne ke ratsawa. Sau 3, ɗaya cikin takwas. Sau 4, ɗaya cikin goma sha biyar. Ga masu son lissafi: ka ninka adadin da kansa, ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne adadin da za ka raba jijjigar da shi.

To ta yaya ake sanin bugun asali? Akwai hanya mai sauƙi ta kintace: a duba yadda robar ta lotsa lokacin da aka ɗora mata nauyin injin. Idan ta lotsa milimita 1, bugun asali na kusa da 16 a sakan. Milimita 2.5, kusan 10. Milimita 10, kusan 5. Lissafin kusan-kusan ne, don roba takan ƙara tauri idan ana jijjiga ta, amma ya isa a fahimci al'amarin.

A gwada shi da janareta. Ƙaramin janareta na fetur irin wanda ake amfani da shi a shagunan caji yana juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da wuta mai 50 Hz, wato juyi 50 a sakan. Idan ƙafafunsa na roba sun lotsa milimita 2.5, ninkin ya zama 5, abin da ke isa ƙasa daga wannan bugun kusan ɗaya cikin 24 ne. Amma idan aka sa masa roba mai tauri wadda ta lotsa kashi ɗaya cikin goma na milimita kawai, bugun asalinta zai faɗo kusan 50, daidai da juyin injin. An tura lilo a kan lokacinsa ke nan. Mai shago zai ga ya sa roba amma kwanon rufi sai ƙara amo yake yi.

Wannan ne kuma ya bayyana abin da kowa ke gani bai kula ba: janareta ko mota sukan yi wata girgiza mai ƙarfi daidai lokacin tayarwa da lokacin kashewa. A wannan ɗan lokacin ne gudun injin ke ratsawa ta kan bugun asali. Ƙaramin jirgi ma haka yake yi a filin jirgi, hancinsa ya girgiza kafin farfela ta tsaya. Abin da ke hana girgizar wuce gona da iri shi ne halin roba na shanye wani ɓangare na motsin ta mai da shi zafi. Sifirin ƙarfe zalla ba shi da wannan hali sosai, shi ya sa mota ke buƙatar shokozoba bayan sifirin.

Me ya hana a sa mai laushi sosai?

Tunda laushi ke kawo kariya, mai karatu zai iya cewa a sa soso mana. Matsalar ita ce gammon jirgi yana da wasu ayyukan. Farfela ce ke jan jirgin gaba, kuma duk wannan jan ta cikin robobin nan huɗu yake bi. Injin mai ƙarfin doki 180 a juyi 2,700 yana murɗa mazauninsa da ƙarfin da ya yi daidai da rataye kusan kilo 48 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Sannan dokar ƙera ƙananan jirage ta gargajiya ta tanadi su jure ninkin nauyinsu 3.8 idan aka yi kwana mai tsanani ko aka shiga iska mai tangal-tangal. Injin mai kilo 130 ya koma kusan kilo 500 ke nan a wannan lokaci. Idan robar ta yi laushi da yawa, injin zai riƙa dukan murfinsa, yana jan bututun mai da wayoyi. Aikin injiniya shi ne samo tsaka-tsaki.

Wajen 1940 kamfanin Lord ya fito da wata dabara da ya kira Dynafocal. Inji yana rataye ne ta bayansa, nauyinsa kuma yana gaba, kamar mutum ya riƙe tulu ta baki ya miƙe hannu. Sai aka karkata robobin huɗu ta yadda duk suke fuskantar wuri ɗaya a cikin injin, kusa da cibiyar nauyinsa. Sakamakon shi ne injin yana yin kamar an tallabe shi ta tsakiya, kuma motsin sama da ƙasa ba ya haifar da kaɗa hanci. A injinan Lycoming akwai nau'i biyu, mai karkata digiri 30 da mai digiri 18, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Akwai wani ƙaramin abu da masu harkar lantarki za su so: roba ba ta wuce da wuta. Tunda injin yana zaune a kan roba, dole a haɗa shi da jikin jirgin da wata igiyar tagulla mai kauri, don wutar sitata ta samu hanyar komawa batir. Idan igiyar ta tsinke, wutar za ta nemi hanya ta siraran wayoyi ko igiyoyin sarrafa inji, ta ƙona su.

Idan gammo ya tsufa

Maƙiyan roba uku ne: zafi, mai, da shekaru. Duka ukun muna da su a wadace. A watan Afrilu zafin arewa kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin murfin inji kusa da salansa. Baƙin mai ko fetur idan yana ɗiga a kan roba yakan kumbura ta ya kashe mata ƙarfi. Ko jirgi bai tashi ba, nauyin inji yana danne da ita dare da rana har ta lotsa ta ƙi dawowa.

Injiniyoyi na da alamomin da suke dubawa a binciken da ake yi wa jiragen horo duk bayan awa 100. Sukan duba ko hular da ke hancin farfela ta sauko ƙasa da layin murfin inji, alamar injin ya zauna. Sukan nemi tsaga a jikin robar, ko wurin da ta fara rabuwa da ƙarfenta, da kuma alamar guga inda injin ke taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba. Tsagewar salansa a kai a kai ita ma ishara ce, domin ruwa ba ya tsami banza. Idan za a canza, akan canza duka huɗun, kowace a inda littafin kamfani ya ce, saboda na sama da na ƙasa ba irin nauyi ɗaya suke ɗauka ba. Kuma kowane kayan gyaran jirgi yana zuwa da takardar shaidar asalinsa, injiniya mai lasisin hukumar NCAA ne ke sa hannu kafin jirgin ya sake tashi.

Sabon gammo kuma ba ya maganin farfelar da nauyinta bai daidaita ba. Ita akan ɗaura wa inji na'urar auna motsi, a tayar da shi, kwamfuta ta nuna gefen da ya fi nauyi, sannan a ƙara 'yan wasa-wasa na ƙarfe a ɗaya gefen. Ana fara rage jijjiga daga tushenta, sauran kuma a bar wa roba.

Ina wayarka ta shigo?

A cikin kyamarar wayar zamani, gilashin ba a kafe yake ba. Yana rataye a kan siraran sifirin, maganaɗisu kuma na matsa shi gaba da baya don hoto ya fito tas. A wayoyin da ke da fasahar OIS, wadda ke gyara rawar hannu, gilashin ko sensar hoton yana motsawa gefe da gefe ma. Wato a cikin aljihunka akwai wani ɗan lilo mai nasa bugun asalin, an yi shi don rawar hannun mutum, ba don bugun inji ba.

A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa jijjigar manyan babura masu ƙarfin inji tana iya lalata OIS da tsarin saita hoto na iPhone, ya ce kada a maƙala wayar a jikinsu. Ga ƙananan babura kuma ya ba da shawarar a yi amfani da mariƙi mai rage jijjiga, kuma kada a mai da abin al'ada ta dogon lokaci. Apple ne ya yi magana, amma irin wannan tsari na kyamara yana cikin manyan wayoyin Samsung da wasu samfuran Tecno da Infinix.

Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer, masu silinda ɗaya ne kuma injinsu a ɗaure yake da firam kai tsaye. A juyi 4,500 a minti, hannun babur na karkarwa sau 75 a sakan, ban da ramukan hanya. Alamar kyamarar da ta taɓu ita ce hoto ya riƙa rawa ko da wayar na ajiye, ko ya ƙi saituwa, ko ka ji wani ɗan ƙara daga wajen gilashin idan ka buɗe kyamara. Gyaran shi ne canza kyamarar gaba ɗaya.

Saboda haka, mai waya mai OIS ya fi masa alheri ya bar ta a aljihu ko jaka yayin tafiya a babur, jikinsa ya zame mata gammo. Wanda dole sai ya riƙa duba taswira, ya nemi mariƙi mai robobi a tsakaninsa da hannun babur, ya kuma gwada da yatsa: idan wayar ba ta ɗan lilo a kan robar, to ado ne kawai. Ko ya ware tsohuwar waya don wannan aiki. Masu ɗaukar bidiyon biki da jirgi mara matuƙi su ma su lura: kyamararsa a kan irin waɗannan robobi take rataye, kuma idan bidiyo ya fara kaɗawa kamar ana kallon abu ta cikin ruwa, a fara duba farfela da robobin kafin a zargi manhaja.

Auna da kanka

Sensar da ke juya fuskar wayarka idan ka karkata ta, ma'aunin motsi ce, 'yar uwar wadda ake ɗaura wa injin jirgi. Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar da wata manhaja kyauta a 2016 mai suna phyphox, tana nan a Android da iPhone. A cikinta akwai gwajin Acceleration Spectrum, wanda ke zana maka jadawalin yawan bugu a sakan da ƙarfin kowanne.

Ka fitar da janareta waje inda iska ke kaɗawa, don hayaƙinsa yana kisa a ɗaki. Ka ɗauki tsohuwar waya, ka ajiye ta a kan dandamalin siminti ko katakon da janaretan ke zaune, nesa da salansa, na sakan goma kawai. Ya kamata ka ga tsini kusa da 50, idan kuma injin irin wanda ake zuba wa baƙin mai daban ne, za ka iya ganin wani kusa da 25, domin sau ɗaya yake ƙona mai a juyi biyu. Sai ka canza abin da ke ƙarƙashinsa, tsohuwar taya, ko silifas, ko kwali, ka sake aunawa a wuri ɗaya. Tsayin tsinin zai gaya maka wanda ya yi aiki. Manomin rani a Bakura ko Maradun da ke ɗora injin ban ruwa a kan taya zai iya yin wannan gwaji a bakin fadama.

Abu ɗaya za a kiyaye: waya ba ta iya ganin bugun da ya wuce rabin saurin da take ɗaukar awo. Mai ɗaukar awo 200 a sakan iyakarta bugu 100, mai ɗaukar 100 kuwa a kan 50 za ta tsaya, wanda bai wadatar da gwajin janareta ba. Manhajar tana nuna saurin wayarka. Ga 'yan uwa masu rubuta manhaja, daga Android 12 an taƙaita wannan sensa a 200 a sakan sai an nemi izini na musamman a cikin manhajar, burauza kuma galibi 60 take bayarwa, don haka shafin intanet ba zai yi wannan aiki ba. Lissafin da ke warware motsin zuwa bugu-bugu sunansa FFT, kuma akwai shi a shirye cikin NumPy ga mai Python.

Ga matasa masu ƙere-ƙere

A 2007 kafafen labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic. Tun daga lokacin ba a rasa matashin da zai fito a Facebook ko TikTok da jirginsa, ko keken da ya sa wa inji, ko jirgi mara matuƙi. Hazaƙar tana nan. Abin da zai ƙara wa irin wannan aiki inganci shi ne a ɗauki jijjiga da muhimmanci tun daga zane.

Ka fara sanin juyin injinka a minti, mafi ƙanƙanta da mafi yawa, ka raba gida 60. Ka zaɓi robar da bugun asalinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na gudun da injin zai fi daɗewa a kansa ba. Ka tabbatar babu wani noti, ko bututu, ko salansa da ya haɗa injin da firam ƙarfe da ƙarfe ta bayan fage, domin hanya ɗaya tak ta isa ta ɓata aikin robobi huɗu. Ka sa abin da zai riƙe injin ko da robar ta yage. Sannan ka auna kafin da bayan kowane canji, ka rubuta lambobin.

Duk wannan na injin da ke ƙasa ne. Abin da zai ɗauki mutum sama yana da dokokinsa da masu lasisin duba shi, kuma wanda yake son ya zama ɗaya daga cikinsu, kwalejin Zariya tana da makarantar injiniyoyin gyaran jirage. Kafin lokacin, janaretan shagon caji da tsohuwar waya sun isa ɗakin gwaji na farko.